“Zai Yi Tafiya Kuwa?”: Abin da Wuya da Gangar Jikin Yaro Mai Raunin Ƙwaƙwalwa Ke Nunawa Tun da Wuri

“Likita, zai yi tafiya kuwa?”

Duk wanda ya taɓa zama a benci a sashen gashi na wani asibiti a Katsina ranar ganin yara, ya ji wannan tambayar ba sau ɗaya ba. Uwa ce za ta shigo goye da yaro ɗan shekara biyu ko uku, ƙafafunsa na reto har wajen cinyarta, kansa ya langaɓe gefe guda. Ta kwance majanyi ta sauke shi, ta miƙa ƙafafun gaba a duba. Sai ta ga ma’aikacin gashin bai ko taɓa ƙafar ba tukuna. Ya kwantar da yaron rub da ciki yana kallon ko zai ɗago kai. Ya zaunar da shi ya riƙe shi ta hammata, ya sauko da hannu kan haƙarƙari, ya sake saukowa ƙugu. Wata uwar takan fito tana mita, ita ƙafa ta kawo, an ɓuge da duba wuya.

Duk shekara idan 6 ga Oktoba ta zo, ranar da duniya ta ware wa masu larurar raunin ƙwaƙwalwa da ke taɓa motsin jiki, maganar takan taso a rediyo da Facebook, kuma mutane sukan rabu. Wasu su ce yanzu likitoci na iya gane yaron da ba zai zauna ba tun yana wata huɗu. Wasu su ce wannan shiga hurumin gaibu ne. A gefe guda kuma ga masu magani da lasifika suna alƙawarin yaro zai miƙe cikin kwana arba’in. Ni abin ya shafe ni kai tsaye, don ɗan yayata yana da larurar, shekararsa shida yanzu, kuma ni kawunsa ni nake raka su gashi tun yana goye. To me ake iya hasashe a kai da gaske, da me ake auna shi, kuma me hasashen zai amfana wa uwar da ke Ƙofar Marusa ko Sandamu?

Wace larura ce, kuma me ya raba ta da shan inna?

Ba mu da suna guda tsayayye a Hausa. Wasu su ce galahanga, amma wannan kalma ana jibga mata larurori da yawa da ba su da dangantaka. Wasu su ce ɗan ruwa, sunan da ya jawo wa yara da iyayensu mata baƙin ciki mai yawa, har a ce ba mutum ba ne, musanya shi aka yi. A asibiti kuwa za ka ji ana taƙaita sunanta na Turanci, cerebral palsy, da haruffa biyu, CP. Ma’anarsa a sauƙaƙe: ƙwaƙwalwar yaro ta sami rauni tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, sai raunin ya taɓa sashen da ke sarrafa motsi da tsayuwar jiki. Wani likitan ƙashi a Ingila mai suna William Little ne ya yi fice da bayaninta a 1861, inda ya danganta ta da wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini.

Ba shan inna ba ce. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke kama laka, ta bar ƙafa siririya laƙwas, kuma tun Agustan 2020 aka tabbatar ainihin nau’inta na daji ya ƙare a Afirka. CP kuwa ba a ɗaukar ta daga wani, kuma tushenta a kai yake. A ƙasashe masu arziki ana samun kimanin yaro biyu a cikin dubu, a ƙasashe irin namu ya kai wajen uku ko ya ɗan haura. Abubuwan da suka fi kawo ta a nan sanannu ne: doguwar naƙuda da jariri zai fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da haihuwar bakwaini.

Ɗanmu shawarar jarirai ce ta jawo masa. Kwana uku da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa, aka ce a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Ranar kwana shida ya ƙi kama nono, ya riƙa banƙarewa yana wani siririn kuka. Kafin a kai shi inda aka canza masa jini, aikin gama ya gama.

Ga maganar da duk bayanin nan ya rataya a kanta. Raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Inda ya tsaya ranar da ya faru, nan yake. Amma jikin yaro girma yake yi, ƙashi na tsawo, tsoka mai taurin nan ba ta bin sa, sai gaɓoɓi su riƙa karkacewa a hankali. Shi ya sa uwa za ta ce “ciwon gaba yake yi,” kuma abin da idonta ya gani gaskiya ne, sai dai ba a kai yake ci gaba ba, a kwatangwalo da gadon baya ne.

Me ya sa ake fara duba wuya da gangar jiki?

Kowace kaka ta san tsarin: yaro ya riƙe wuya, ya juya, ya zauna, ya yi rarrafe, ya kama bango, sannan tatata. Daga sama ƙarfin yake saukowa ƙasa. Ƙafa ce ƙarshen layi. Yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya ba ƙarfin ƙafarta ne ke hana ruwan zuba ba, wuyanta ne da bayanta da cikinta ke ta gyara kansu a kowane taku ba tare da ta sani ba. Wannan aikin na ɓoye shi ake nufi da riƙon gangar jiki.

Masu gashi sukan duba shi ta fuska uku. Ko yaro zai iya zama ɗam ba tare da ya kife ba. Ko zai iya waiwayawa ko miƙa hannu ya ɗauki abu bai faɗi ba. Sai kuma idan an ɗan ture shi, ko zai maido da kansa. Na ukun nan shi ne abin da kake yi a bayan babur idan an faɗa rami, jikinka ya gyara zama kafin ka yi tunani. Yaro na iya cin na farko ya faɗi a na uku, wanda ke nufin zai zauna a tabarma amma ba za a bar shi a kan kujera shi kaɗai ba.

Saukowar hannun nan da na ambata a farko, daga hammata zuwa ƙugu, ba lalube ba ne. Gwaji ne da wasu masana a Ingila suka tsara suka wallafa a 2010, mai matakai bakwai daga kai har zuwa zama ba tallafi. Ana riƙe yaro a wani mataki, a ga ko abin da ke sama da hannun ya tsaya da kansa, sannan a sauko. Inda ya fara kifewa, nan ikonsa ya ƙare. Amfaninsa shi ne ya nuna har ina jinginar kujerarsa za ta kai, kuma daga ina atisaye zai fara. Ranar da aka yi wa ɗanmu, yana ɗan shekara biyu da rabi, hannun yana kan haƙarƙari na sama yana kallonmu yana murmushi. Aka sauko da shi faɗin yatsu huɗu kawai, sai ya tafi luu gaba kamar an zare masa tsinke. Yaya ta ce, “Ashe nan ne.” Shekara biyu tana shafa wa ƙafafunsa man zafi.

Abin da ke rikita iyaye shi ne yawancin yaran nan hannu da ƙafa a sanƙare suke, amma tsakiyar jikin lagwai-lagwai. Sai a ga ƙafa ta miƙe ƙam idan an tsayar da shi, a ce ai ga ƙarfi nan, tafiya ta kusa. Wannan taurin ba ƙarfi ba ne, tsoka ce da ta ƙi sakewa.

Kuma zancen bai tsaya ga tafiya ba. Yaron da bai riƙe gangar jikinsa ba hannayensa na can suna tokare ƙasa, ba su da sukunin ɗaukar cokali ko alli. Kansa a sunkuye, bai ga fuskar mai magana da shi ba. Ƙirjinsa a dunƙule, numfashi gajere, murya ba ta fita sosai. Wajen cin abinci kuma nan haɗarin ya fi girma, don wanda aka ɗura wa kunu yana kwance kai a ƙeya yakan ƙware, wani abin ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ya zama ciwon haƙarƙari mai dawowa duk bayan ’yan watanni. Ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke yara masu tsananin larurar.

Alamun da ake hasashe da su

Hausawa sun ce Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Alama mafi wuri tana bayyana tsakanin wata uku zuwa biyar. Lafiyayyen jariri idan yana farke a kwance rigingine, ba ya kuka, za ka ga wasu ƙananan motsi a wuyansa da wuyan hannu da idon sawu, kamar mutsu-mutsu, ba tsayawa. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Heinz Prechtl, shi ya gano cewa rashin wannan motsin alama ce mai ƙarfin gaske ta raunin ƙwaƙwalwa. Ba a buƙatar wata na’ura, bidiyon ’yan mintuna ya isa, amma sai idon da aka horar ne zai karanta shi. Akwai kuma wani gwajin da ya samo sunansa daga asibitin Hammersmith na Landan, ana yi wa yara daga wata biyu zuwa shekara biyu, makinsa duka 78. Yaron da ya samu ƙasa da 40 yana cikin waɗanda ake jin tafiya da kansu za ta yi musu wuya. A 2017 wani gungun masana na ƙasashe da dama suka tabbatar cewa idan aka haɗa waɗannan biyu da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ana iya gane larurar kafin wata shida. A da sai yaro ya shekara ɗaya zuwa biyu ake furta sunanta.

Wannan na masana ne. Na gida shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, ciki har da Gana, ta fitar a 2006 cewa lafiyayyun yara sukan zauna da kansu daga wajen wata huɗu zuwa wata tara, su yi tafiya daga wata takwas zuwa kusan sha takwas. Tazarar na da faɗi, don haka ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Amma yaron da ya cika wata tara bai zauna ba, ko kullum hannu ɗaya yake amfani da shi ɗayan a dunƙule, ko idan an tsayar da shi ƙafafun su harɗe kamar almakashi, wannan a kai shi a duba, kada a jira ya shekara. Bakwaini kuwa ana cire masa watannin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a yi lissafi.

A nan al’adarmu takan rufe ido ba da gangan ba. Muna zaunar da jariri da wuri, a saka shi a baho a kewaye shi da tsummokara, sai a ce ya fara zama, alhali bahon ne ke zaune da shi. Goyo ma haka, zane ya tallafe ƙeya, ba wanda zai lura wuyan bai tsaya ba sai an sauke shi. Zaman da ake ƙirgawa shi ne wanda aka ajiye yaro a tabarma aka janye hannu, ya tsaya da kansa. Duk da haka kakanni sukan riga kowa gani. Inna ce ta fara cewa, tun yana wata biyar, “Yaron nan jikinsa ba irin na ’yan uwansa ba ne wajen wanka.” Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Game da tafiya, akwai wani bincike daga Brazil da aka wallafa a 1994, wanda ya duba bayanan yara 272 masu larurar. Waɗanda suka riƙe wuya kafin wata tara, suka zauna kafin shekara biyu, suka yi rarrafe kafin wata talatin, su ne galibi suka yi tafiya. Bincike da dama kafin wannan da bayansa sun zo da magana guda: zama da kai kafin shekara biyu ita ce alama mafi ƙarfi. Wanda ya zauna tsakanin biyu da huɗu, da sauran fata, watakila da sanda ko abin turawa. Wanda ya wuce huɗu bai zauna ba, tafiya da kansa abu ne mai wuya ƙwarai.

Daga nan sai matakai biyar na iya motsi da za ka ga an rubuta a katin yaro, ana kiran tsarin GMFCS, wanda masana a Jami’ar McMaster ta Kanada suka fitar a 1997. Mataki na ɗaya yaro na tafiya har da hawa bene, sai dai gudu da tsalle ba su cika daidai ba. Na biyu yana tafiya amma hanya mai gargada da nisa na ba shi wuya. Na uku sai da abin dogarawa. Na huɗu yana zama da tallafi, zirga-zirgarsa a keke. Na biyar ko wuya bai riƙe sosai ba, komai sai an yi masa. Bayan shekara biyu yawancin yara sukan tsaya a matakinsu. Waɗannan masana sun bi yara 657 a lardin Ontariyo suka wallafa a 2002 cewa yaro yakan kai kashi 90 cikin ɗari na abin da zai iya na motsi kafin ya cika shekara biyar, na mataki na biyar ma tun kafin ya cika uku. Ka ga ke nan shekarun da muke ɓatarwa muna yawon neman wanda zai ce mana sammu ne, su ne shekarun da jiki ya fi karɓar horo.

Kwatangwalo da ƙashin baya, inda hasashen ya fi amfani

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya da nake so kowace uwa ta fita da shi, wannan ne.

Yaran nan ana haifar su da lafiyayyen kwatangwalo. Kan ƙashin cinya na zaune a gurbinsa kamar taɓarya a turmi. Gurbin yana ƙara zurfi ne idan yaro na tsayuwa yana ɗora masa nauyi. Wanda ba ya tsayuwa gurbinsa ba ya zurfi, ga tsokar cikin cinya na ta jan ƙafafu ciki dare da rana. A hankali kan ƙashin ya riƙa zamewa waje. Shekaru yake ɗauka, kuma da farko ba ciwo, ba kumburi, ba abin da hannu zai ji. Sai ya fita gaba ɗaya sannan a ga ƙafa ɗaya ta gajarce, yaro na ihu idan za a yi masa tsarki, ya daina barci, ya daina zaman da yake yi. Daga nan sai a nufi mai ɗori, alhali ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, ja da matsa sai ƙara azaba.

Wannan ana iya hango shi da lissafi. Wani bincike a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 2006 ya samu cewa kimanin yaro ɗaya cikin uku kwatangwalonsa na zamewa, amma rabon ba daidai yake ba: a mataki na ɗaya babu ko ɗaya, a mataki na biyar kusan tara cikin goma. Wato da zarar an san matakin yaro, an san girman haɗarinsa. A kudancin Suwidin suka ɗauki wannan suka mai da shi aiki tun 1994. Kowane yaro mai larurar aka sa shi a rajista, ana auna gaɓoɓinsa ana ɗaukar hoton ƙashi a kan lokaci gwargwadon matakinsa. A hoton ana auna kashi nawa na kan ƙashin ya leƙo waje. Ya haura 30 cikin ɗari a ƙara sa ido, ya doshi 40 a fara maganar aiki tun yana ƙarami. Fitar kwatangwalo gaba ɗaya ta sauko daga yara takwas cikin ɗari zuwa ƙasa da ɗaya. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. Hoton ƙashi ne irin wanda ake ɗauka a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin Amadi Rimi, ko Daura, da littafin rajista, da mutumin da zai tuna ranar komawa.

Ƙashin baya ma hanyarsa ke nan. Yaron da ba ya iya juya kansa yakan kwanta ta gefe guda kullum, kai ya juya wuri ɗaya, gwiwoyi biyu su faɗa ɓangare ɗaya kamar iska ta kaɗa su. Icce tun yana ɗanye yake tanƙwaruwa, kuma nauyin jiki na aiki a kansa awa goma a kowane dare. Ƙirji ya baje ta gefe, ƙugu ya karkace, baya ya lanƙwashe. Alƙaluman Suwidin sun nuna cewa a mataki na biyar, kusan uku cikin huɗu bayansu ya yi mummunar lanƙwasa kafin su kai shekara ashirin, a matakin ɗaya da biyu kuwa da wuya a gani. Lokacin da ya fi gudu shi ne lokacin balaga, sa’ad da yaro ke miƙewa, wanda a wajenmu shi ne daidai lokacin da an daɗe da daina zuwa asibiti saboda ya yi nauyin goyo.

Zancen kwamfuta

Ana ta maganar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta karɓi aikin. Gaskiya ne akwai masu bincike, ciki har da wasu a birnin Nis na Faransa, da ke zuba bayanan yara a kwamfuta, irin larurar, taurin tsoka, farfaɗiya, halin kwatangwalo, don ta fitar da wanda ya fi haɗarin karkacewar baya ko kasa riƙe jiki. Wasu kuma na koya mata karanta bidiyon motsin jarirai daga wayar hannu, kuma wannan na biyun shi ne zai fi mana amfani in ya nuna, don wayar tana Baure amma masanin ba ya can. Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take tauna. Yaran da aka koya mata da su ba yaranmu ba ne, kuma abubuwan da take ganowa yawanci su ne ƙwararren mai gashi ke gani da ido.

Masu cewa kada a faɗa wa uwa

Ƙorafi na farko na addini ne, kuma amsarsa gajera ce. Manomin Daura da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya bai yi da’awar sanin gaibu ba, alama ya gani ya yi tanadi. Hasashen likita irin wannan ne. Cewa yake yi, cikin yara ɗari masu kama da wannan, kaza sun yi tafiya. Bai ce ga abin da Allah zai yi da naki ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ban raina shi ba. Akwai gidan da idan aka ce yaro ba zai yi tafiya ba, shi ke nan an yanke ƙauna, a kwantar da shi a ƙuryar ɗaki, a daina kashe masa ko sisi. Akwai matar da wannan kalmar za ta zame mata sanadin saki, dangin miji su ce daga wajenta ne. Ma’aikacin da ya san haka yakan ce “a ci gaba da gashi, za a dace,” ya bar ta a haka.

Na uku na ilimi ne. Yawancin alƙaluman nan daga ƙasashe irin su Kanada da Suwidin suka fito, inda yawancin yaran masu taurin tsoka ne, da yawansu bakwaini, suna ƙoshi, ana magance musu farfaɗiya. Namu da yawa ’yan shawara ne, masu motsin da ba su so ba, jikinsu na murɗewa yana sakewa, kuma irinsu wani lokaci sukan makara sannan su ba da mamaki. Sau da yawa hankalinsu garau yake, kunne ne ya taɓu, sai a ɗauka ba sa fahimta. Ga tamowa, wadda ita kaɗai tana hana yaro zama. Yaron da yunwa ta kwantar, in aka yanke masa hukunci kafin a ciyar da shi, an zalunce shi.

Duk da haka ni ina ganin ɓoyewa ta fi cutarwa. Uwar da ba a gaya wa gaskiya ba za ta ji “gaskiyar” wani, mai kwalba da lasifika, ta sayar da akuyarta da ’yan kunnenta. Mu mun yi. Abin da ya kamata shi ne a faɗa a hankali, ba a zama ɗaya ba, a kira mijin ya ji da kunnensa cewa ba laifin matarsa ba ne, kuma kada a tsaya ga abin da yaro ba zai yi ba. Wanda ya ce wa Yaya, “Hajiya, tafiya da wuya, amma zama da cin abinci da hannunsa muna sa rai, kuma kwatangwalonsa za mu tsare,” shi ne mutum na farko da ya ba ta aikin yi maimakon jira.

Abin da ke hannun gida

Gashi na minti talatin sau ɗaya a mako, ga wanda ma ya samu kuɗin mota daga Mai’aduwa ko Zango, ba zai rinjayi sauran awoyin mako ba. Yadda yaro ke kwana, yadda ake goya shi, yadda yake zama, nan aikin yake. A riƙa sauya masa kwanciya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi ko ƙarƙashinsu don kada su faɗa gefe. Da rana a kifa shi a kan naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashin ƙirji, a sa abin wasa a gabansa, wuya na samun aiki. Goyonmu da ke ware ƙafafu alheri ne ga kwatangwalo, a dai tallafi kai. Abinci a zaune, haɓa ta ɗan sunkuyo, kaɗan-kaɗan, mai ɗan kauri. Keken koyon tafiyar nan mai tayoyi kuwa masu gashi ba sa son sa ga irin waɗannan yara, don yana ƙara musu ɗage da banƙarewa. Haka ƙwayar sassauta tsoka, kada a saya a kemis da ka, takan saki ƙafa ta kuma saki bayan da dama da ƙyar yake tsaye.

Na taɓa ganin an haƙa rami an tsayar da yaro a ciki har ƙugu an cika da rairayi. Dabarar ba ta yi nisa da abin tsayarwa da ake yi a asibiti ba, nauyi ya sauka kan ƙafa. Illarta ita ce idan ƙirji da wuya ba su da tallafi, ko aka bar shi shi kaɗai a rana. A nuna wa mai gashi ya gyara ta.

Kada kuma a yi wa kujera da matashi alƙawarin da ba nasu ba. Suna sa yaro ya ci abinci lafiya, ya yi wasa, ya huta da ciwo, amma ba su da tabbacin hana ƙashi zamewa ga mai tsananin larura. Shi ya sa hoton ƙashi ba ya faɗuwa. Duk yaron da ya kai shekara biyu bai yi tafiya ba, a nemi a ɗauki hoton kwatangwalonsa, a tambayi matakinsa, a tambayi ranar da za a maimaita. In an ga ya fara fita, akwai likitocin ƙashi a Katsina, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kula da lafiya da ilimi, kuma rajista irin ta Suwidin na cikin abubuwa mafi araha da jiha za ta iya yi da sunan wannan haƙƙin.

Kujerar ba sai ta waje ba. A Zimbabwe aka fara dabarar haɗa kujerun yara da kwali da takarda da ƙullun fulawa, kuma ta bazu zuwa ƙasashe irin su Kenya da Gana. Mu kafinta muka samu a wajen Ƙofar Ƙaura, muka kai masa awon da aka rubuta mana: jingina mai kusurwa har zuwa hammata, ɗan katako tsakanin cinyoyi, matakin ƙafa, da faifan tebur a gaba. Ya juya takardar ya ce, “Malam, wannan ta wane ce haka?” Na gaya masa. Ya ce in kawo yaron ya gani da idonsa, ya auna shi da kansa, ya rage tsawon mazaunin da inci biyu.

Yanzu a cikinta yake cin tuwo, da hannun hagu, rabi a baki rabi a tebur. An ɗaga matakin ƙafar sau biyu. Hoton kwatangwalonsa na baya ya nuna na dama ya leƙo kashi 28, an ce mu dawo bayan wata shida, Yaya ta rubuta ranar da gawayi a bayan ƙyauren ɗakinta.